Sarƙa, waya ko bel: me ya kamata mai motar gungume ya saya?

Ɗanyen gungumen loko mai faɗin mita 1 a fuska da tsawon mita 6 yana kusan kai tan 5. Shida irinsa sun ishi tirela kaya. Duk wanda yake ɗauko itace daga dazukan Ondo, Edo, Ogun ko Kuros Riba, ko daga wajen Kurmi da Bali a Taraba, ya san cewa wannan kaya ba buhun masara ba ne da zai zauna inda aka ajiye shi. Gungume zagayayye ne, yana mirginawa, yana zamewa, kuma in ya sami hanya ba ya tsayawa. Amma abin mamaki, mai mota zai zauna ya yi lissafin taya da batir da gas har kwabo, sai a zo kan kayan ɗauri ya miƙa wa yaron mota canji ya ce ya leƙa Panteka ko Ƙofar Ruwa ya samo sarƙa ko wace iri ce.

Injiniyoyin Turai da na Amurka sun yi ittifaƙi a kan lissafi ɗaya: in direba ya taka birki da ƙarfi, kaya yana tunkuɗowa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma yana tura gefe da rabin nauyinsa. Wato kayan tan 30 yana neman kan mota da ƙarfin tan 24, kuma direba da yaronsa ne a zaune a wurin. Da wannan lissafin a zuci ya kamata a shiga kasuwa.

Turaku kafin komai

Shawarata ta farko ba ta ma shafi sarƙa ba. In kuɗinka ba zai isa komai a lokaci ɗaya ba, fara da turakun gefe da garkuwar bayan kan mota. Dalili kuwa, sarƙa tana riƙe kaya ne muddin tana ɗaure. Lokacin da ya fi cin mutane a wannan sana'a shi ne lokacin sauke kaya, sa'ad da yaro ya tsaya a gindin mota ya saki ɗaurin ƙarshe, gungumen da ya goce a hanya ba a sani ba ya taho. A wannan daƙiƙa babu abin da ke tsakaninsa da itacen sai turke.

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai turken itace da ake sarowa a daji a cusa a gefen bodi, wanda ba ya cin ko sisi, kuma ba wanda zai iya gaya maka nauyin da zai ɗauka kafin ya karye. Akwai wanda mai walda zai haɗa maka da ƙarfe. Akwai kuma na kamfani, wanda yake zuwa da gadonsa na ƙarfe da ake ɗaure shi a kan shasi, galibi a jikin tirelolin da aka shigo da su na hannu daga Turai. Na kamfani ya fi, in ka samu mai lafiya. Yawancinmu dai a hannun mai walda za mu ƙare, to a nan ka tsaya a kansa. Ƙarfe mai kauri mai kusurwa huɗu za a sa, ba bututun ruwa ba. Turken ya zauna cikin gado mai ratsa faɗin motar daga gefe zuwa gefe, da ƙarfen tokara a gindinsa, domin a gindi yake karyewa. Wanda aka liƙa da walda a leɓen bodi kawai ado ne.

Tsayinsa ma abin dubawa ne. Ƙa'idar da Amurka take bi ita ce tsakiyar gungumen da yake sama a gefe kada ta wuce kan turke, kuma kowane gungumen gefe ya jingina da turke biyu aƙalla. In turakunka gajeru ne, ko dai ka ƙara musu tsawo ko ka rage lodi. Dokar tasu ta nuna darajar turke a fili: kaya na yau da kullum ana son jimillar ƙarfin ɗaurinsa ta kai rabin nauyinsa, amma gumagumai da suke kwance cikin gado da turaku kashi ɗaya cikin shida ya wadatar, saboda ƙarfen ya riga ya ɗauke yawancin aikin.

Sarƙa ba duka ɗaya ba ce

A ido, sarƙa biyu masu kauri ɗaya sai ka rantse abu ɗaya ne. Bambancin yana cikin ƙarfen da yadda aka gasa shi, kuma ana buga lambar daraja a jikin zoben, bayan kowane 'yan zobba. Ɗauki mai kaurin milimita 10. Mai lamba 30, wadda aka fi gani a shagunan kayan gini, an yarda ta riƙe kilo 1,200. Mai lamba 43 tana riƙe kilo 2,450. Mai lamba 70, wadda aka yi musamman don ɗaurin kaya a mota kuma sau da yawa takan zo da launin ruwan zinare, tana riƙe kusan kilo 3,000. Mai lamba 80 ta ɗara haka kaɗan, kuma ita ce ake yarda a ɗaga kaya sama da ita. A kayan da ke neman ɗaurin tan 15, wato rabin nauyin kayan tan 30 in ba gado da turaku, mai lamba 70 guda 6 sun isa, mai lamba 30 kuwa sai ka jera 13. In ka haɗa kuɗin 13 ɗin da wahalar jefa su da tamke su, arahar ta gudu.

Kada launi ya ruɗe ka, fenti ba wuya gare shi ba. Ka goge zobe ka nemi 7, 70 ko 700, ko kuma 8, 80 ko 800. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, jami'an hanya a Amurka suna lissafa ta a matsayin mai lamba 30 ko da mai ita ya yi rantsuwa, kuma kai ma haka ya kamata ka ɗauke ta. Sarƙar da ta fito daga Turai takan zo da ɗan faranti mai rubutun EN 12195-3 da harafin LC, wato iyakar ƙarfin ɗaurin da aka yarda ta riƙe, mai milimita 10 ana rubuta mata 6300 daN ko 63 kN (daN ɗaya kusan kilo ɗaya ne). Lissafinsu ya sha bamban da na Amurka, don haka kada ka gwada lambar wannan da ta wancan kai tsaye, ka gwada irin da irinsa.

Ta hannu fa? Ana samun ta ƙwarai, musamman wadda ta fito daga kamfanonin gine-gine da tashar jiragen ruwa, kuma sau da yawa ta fi sabuwa marar suna. Sai dai ka bi ta zobe-zobe. Zoben da ya miƙe ya yi tsawo, ko ya lanƙwashe, ko ya cinye a inda yake gogar ɗan'uwansa har ya rasa kashi ɗaya cikin goma na kaurinsa, ya gama aiki. Mafi muni ita ce wadda aka taɓa yi wa walda ko aka haɗa da ƙusa da noti. Wutar walda tana kashe gashin da ya ba ƙarfen ƙarfinsa, sai ka ga sarƙa mai lamba 80 amma zobe ɗaya a tsakiyarta bai kai na ɗaure akuya ba. Ƙugiya ma tana da lambarta, kuma dole ta yi daidai da ta sarƙar.

Wayar ƙarfe ita ce tsohuwar abokiyar masu manyan gumagumai, har yau ana ganinta a motocin da ke sauko da itace daga gabashin Kamaru zuwa Duwala. Ta fi sarƙa sauƙin nauyi a ƙarfi ɗaya, tana kuma lafewa a jikin itace. Aibinta biyu ne. Tana ruɓewa daga ciki inda ido ba ya gani, kuma silin da ya tsinke yana huda hannu kamar allura. In za ka saya, lanƙwasa ta ka duba tsakanin murɗin ko akwai jan tsatsa, ka guji wadda ta taɓa ƙullewa ta bar gwiwa. Bakinta kuma a kama shi da maƙalai uku aƙalla, sirdin maƙalin yana kan ɓangaren da ke ɗauke da nauyi, ba kan guntun jelar ba. Da yawa suna juya shi.

Bel mai faɗin milimita 50, irin wanda yake zuwa da takarda shuɗiya a ɗinke mai rubutun LC 2500 daN, ya dace da katakon da aka riga aka tsaga, irin wanda ake kaiwa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da ƙananan sanduna na malaina ko turare. Ba ya cin gefen katako, ba nauyi, yaro ɗaya zai ɗaure mota. A kan manyan gumagumai masu kaushin ɓawo da kututturen reshe kuwa ba na ba da shawararsa. Yanka kaɗan a gefe ya rage masa ƙarfi sosai, rana tana cinye shi, kuma wanda takardarsa ta cire ba ka da hanyar sanin ƙarfinsa.

Abin tamke sarƙa

Nan ne na fi son mai mota ya saurara, domin bambancin kuɗin kaɗan ne, bambancin raunin kuma babba. Iri biyu ne a kasuwa. Mai liba, wanda ake danna hannunsa sau ɗaya ya kulle, yana da sauri da araha, ba ya tsoron laka. Amma duk ƙarfin da ka danna yana nan a ajiye cikin hannun, yana jiran ya dawo. Da yake hannun gajere ne, sai yara su zura masa bututu su rataya a kai. Bututun ya zame ko hannun ya ƙwace, sai haƙora, muƙamuƙi ko ido. Wajen kwancewa ma haka yake: yana sakin ɗaurin gaba ɗaya a lokaci guda, ga mutum tsaye a ƙarƙashin kaya.

Mai zare, wanda ake kaɗa hannunsa gaba da baya yana jan sarƙa a hankali, ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi cin lokaci, kuma zarensa yana son giris, in ba haka ba lakar damina ta cije shi. Abin da kake saya da wannan ƙarin shi ne sassautawa kaɗan-kaɗan. In gungume ya goce, za ka ji sarƙa ba ta yin sako-sako ko da kana kwancewa, alamar nauyi yana kanta ke nan, sai ka tsaya ka kira mai injin ɗaga kaya ya dafe kafin ka ci gaba. Mai liba ba ya ba ka wannan damar. Ni dai mai zare zan saya, in ajiye mai liba ɗaya a akwati don ranar da wani ya lalace a daji. Wanda ya riga ya mallaki masu liba kuma ba zai iya canzawa yanzu ba, ya ɗaure hannun da waya bayan ya kulle, ya hana bututu, ya kuma koya wa yaro tsayawa a gefe da buɗaɗɗen tafi.

A Suwidin da Finlan akwai na'urar da ke amfani da iskar birki tana ƙara tamke ɗauri da kanta yayin da kaya yake zama a hanya, kamfanin ExTe na cikin masu yin ta. Abu ne mai kyau, amma in ta lalace a tsakanin Ore da Okene ba mai gyara maka. Madadinta a wurinmu shi ne ƙafa: a tsaya a sake tamkewa da an fito daga hanyar daji an hau kwalta, domin gargada tana sa itace ya zauna, ɗauri ya saki. Dokar Amurka ta ce a duba cikin kilomita 80 na farko, sannan bayan kowane awa 3 ko kilomita 240. Da irin ramukan hanyoyinmu, wannan ma sassauci ne.

Wani ƙaramin abu da ba ya cin kuɗi: igiya siririya mai ɗan nauyi a baki. Jefa sarƙa mai milimita 10 ta haye kaya mai tsayin mita 4, sau da yawa a rana, shekara da shekaru, shi ke kashe kafaɗar direbobi. A jefa igiya, a zagaya a jawo sarƙar da ita. Kafin a jefa kuma a ɗaga murya, saboda wanda ke ɗaya gefen.

Na sawa a jiki

Hular kwano ta aiki mai lambar EN 397 a ciki, ba ta babur ba, kuma ba mai taushin roba da ake sayarwa don ganin ido ba. Ba za ta tare gungume ba, amma ƙugiyar da aka jefo da guntun reshe su ne aikinta. Takalmi ka nemi EN ISO 20345. Mai alamar S3 yana da ƙarfe a yatsu, da faranti a tafi wanda ƙusa ko tsinke ba ya hudawa, yana kuma jure ruwa, shi ya dace da daji. S1 na cikin sito ne. Safar hannu ta fata ga mai taɓa waya. Riga mai ƙyalli kuwa ta fi komai araha a jerin nan, kuma ita ce ke sa mai injin lodi ya gan ka da magariba, da mai tahowa a guje in ka tsaya gyaran ɗauri a bakin titi da dare.

A sayi na yaron mota tare da na direba, lamba ɗaya, inganci ɗaya. Direba yakan koma cikin mota ko ya ja gefe lokacin lodi, yaron ne yake hawa kan kaya, shi ne yake tamkewa, shi ne kuma yake kwancewa. In kuɗin hula da takalmi na mutum ɗaya ne kawai a hannu a wannan watan, nasa za a fara saya.