Wata biyu ina rubuta nahawu da ANTLR 4

Wani ɗan ƙaramin harshen lissafi nake son ƙirƙira, wanda mutum zai rubuta sharaɗi da lambobi, kwamfuta ta karanta ta ba da amsa. Da hannu na fara rubuta manhajar da za ta feɗe jimlolin. Duk lokacin da na ƙara alama ɗaya, sai wani wuri ya warware. Da na gaji, na koma ga ANTLR, kayan aikin da ake ba nahawu ya samar da irin wannan manhajar da kansa, wanda Terence Parr ya ƙirƙira, sigarsa ta huɗu kuma ta fito a 2013.

Abin da ya fara burge ni shi ne, nahawun da na zana a takarda kusan shi na kwafe cikin fayil ɗin .g4, inda ake rubuta wa ANTLR nahawu. Salon rubutun jikan BNF ne, tsarin rubuta nahawun harsunan kwamfuta da John Backus ya gabatar a 1959, Peter Naur kuma ya gyara shi ya yi amfani da shi a rahoton harshen kwamfuta na ALGOL 60. A asalin BNF, in kana son abu ya maimaitu, dole ƙa'ida ta ambaci kanta. Niklaus Wirth ya kawo sauƙi a 1977 da alamomin maimaitawa da na zaɓi, abin da ake kira EBNF. A ANTLR tauraro na nufin "sau nawa ma ya zo", alamar tambaya kuma "ko da shi ko babu".

Ga layin da ya sa na saki jiki da shi:

lissafi : lissafi '*' lissafi | lissafi '+' lissafi | LAMBA ;

Ƙa'idar ta fara da sunan kanta, kuma ya karɓa ba gardama. Da yake na sa sau kafin tarawa, 2+3*4 ya ba ni 14, ba 20 ba. Sannan akwai ɗan kayan gwaji da ke zana bishiyar li'irabi a allo, irin wadda malamin nahawu ke zanawa, reshe-reshe. A nan nake ganin inda tunanina ya karkace tun kafin in rubuta wani abu daban.

Na sha wahala sau ɗaya, kuma ni na jawo wa kaina. Na ajiye ƙa'idar sunaye a saman ƙa'idar kalmar "idan". Ashe sashen da ke tsinka rubutu zuwa kalmomi yakan ɗauki mafi tsawo, in kuma tsawo ya zo ɗaya, wadda aka fara rubutawa ce ke cin nasara. Sai "idan" ta koma suna kawai. Dare guda na ɓata ina lalube, gyaran kuwa sauya wa layi biyu wuri ne.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani tun farko. Ko da harshen Python kake aiki, sai ka girka Java kafin ka samar da manhajar feɗe jimlolin, domin da Java aka gina ANTLR. Haka kuma in ƙa'idoji biyu suna farawa da ambaton juna, wannan ta kira waccan, waccan ta dawo kan wannan, ba zai karɓa ba, sai ka haɗe su wuri ɗaya.

Wanda zai karanta fayil mai layi iri ɗaya tak, wannan ya yi masa yawa. Ni dai nahawuna ya kai ƙa'idoji ashirin da ɗoriya, kuma a makon jiya na ƙara baka-biyu cikin minti goma.