Saboda shi na biya kuɗin wata, ga abin da na gani a shirin nasa

Tun ranar Asabar ɗin da aka fara haska shirin talabijin na wani ɗan barkwancin Legas nake son in yi magana wallahi, uwargida ce ta ce in bari in huce tukuna, in ga kashi uku ko huɗu, kada in yanke wa bawan Allah hukunci cikin fushi. To yanzu na kalli kashi shida. Ba zan kama sunansa ba kuma ba zan kama sunan tashar ba, don ba tozarta shi na zo yi ba, mutum ne da nake so har gobe.

Ni dai a Agege ta Legas nake zaune da iyali, sana'ar albasa nake a kasuwar Mile 12, kuma ina son barkwancin tsaye, wato mutum ya tsaya shi kaɗai a kan dandamali yana ba da dariya, tun lokacin da ake tallan faifan Nite of a Thousand Laughs a cikin gosulo, wasan nan da Opa Williams ya fara a 1995. Da shi na gyara Turancin burokana ma. A Disambar bara sai na ce bari in ga wannan mutumin ido da ido, na sayi tikiti, kun san dai yadda kuɗin tikiti yake a ƙarshen shekara, na sha cunkoso daga Agege har Ailan, kuma ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. Akwai labari guda da ya bayar a daren nan wanda shi ne ya ja ni har na biya kuɗin kallon shirin talabijin ɗin, don haka sai kun yi haƙuri in ba ku shi.

Ya ce ya hau danfo, bas ɗin hayar Legas, zuwa Oshodi, kwandasta ba canji, sai ya yi abin da suka saba, ya haɗa shi da wani malam Bahaushe a takardar dubu ɗaya ya ce ku je ku raba. Duk wanda ya zauna a Legas an taɓa ɗaura masa irin wannan auren. Suka zaga wajen mai ruwan leda ba canji, wajen mai gala ba canji, wajen mai POS ta ce sai an cire mata nata. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Sai malam ya miƙa masa dubun nan gaba ɗaya ya ce riƙe, zan yi salla in dawo, ya juya ya tafi abinsa ko waiwaye babu. A nan ne fa mutumin nan ya yi shiru a kan dandamali, makirfo a hannu, yana kallon tafin hannunsa kamar kuɗin na ciki. Shirun nan ya daɗe har wata mata ta fashe da dariya daga baya, sai ya ɗaga kai ya ce, a Legas? Mutum ya ba ni amana a Oshodi? Ya ce tsoro ne ya kama shi, ya fara shafa jikinsa ko wani abu ya ɓace, ƙafa ta ce gudu zuciya ta ce in ka gudu ba za ka kai gida ba, haka ya tsaya ƙiƙam a rana kamar soja har malam ya idar ya dawo ya ja shi wajen mai shayi, aka haɗa masu shayi da burodi, mai shayin ya ba su canji.

Zauren nan kamar zai tsage don dariya. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, kuma ba dariyar kaɗai ba ce, daɗi na ji, domin karo na farko ke nan da na ji an kawo Bahaushe a komedin Legas ba a matsayin wawa ba. Kansa yake yi wa dariya da mutanen garinsu da ba su san yadda za su yi da amana ba. Ko muryar malam ɗin ma bai wani lanƙwasa ta ba, ɗan sassauta murya kawai ya yi, amma kowa a zauren ya ga malam ɗin a ransa. Ni wani kawu nawa na gani.

Da aka fara tallan cewa zai fito da shirin talabijin na mako mako, har aka nuna danfo a tallan, na san labarin nan ne za a yi. Na sabunta kuɗin wata, na sayi fetur na zuba a janareta don kada a ɗauke wuta ana tsaka da kallo, na sa aka yi shimfiɗa a falo. Surukina ya zo daga Zariya ganin likita yana wajenmu, na ce Baba yau sai ka zauna ka ga wani abu, har maƙwabcina Bayarabe da muke gida ɗaya na kira shi, saboda na sha ba shi labarin nan.

Jama'a, abin da aka nuna ba shi ba ne. An kawo danfo na gaske, kwandasta na gaske, an kuma kawo wani ya fito a malam, da ganinsa ka san ko gaisuwar Hausa bai iya ba. An sa masa hula a karkace, rediyo a kafaɗa, buta a hannu, wuƙa a ƙugu, kowace kalma sai ya juya fa ta koma pa, yana ta ihun kai kai walahi talahi. Ba salla, ba amana, ba shirun nan. Sai aka mai da shi wanda bai iya lissafi ba, wai ya nace rabin dubu ɗari uku ne, suka yi ta kokawa har takardar ta yage, aka bi juna da gudu ana zaga mota. Kuma duk bayan jimla guda sai a saki wata dariyar inji da aka naɗa, iri ɗaya, har da wata murya mai tsini da nake ganewa duk sanda ta dawo. A falona kuwa ba wanda ya yi ko murmushi. Maƙwabcina ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Baba ya jawo carbinsa ya ce Allah ya kyauta, ya tashi ya shiga ɗaki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yata, shekararta 9, a nan Legas aka haife ta, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, ta juyo ta ce Abba, haka muke magana? Yarinyar da dama a makaranta ake tsokanarta da aboki, sunan rainin da ake kiran Hausawa da shi a nan, kuma na san ranar Litinin wannan muryar za a yi mata.

Mutanen da ke sauke tirela tirela na tumatir da albasa a Mile 12 suna lissafin miliyoyi da ka, su ne ba su san rabin dubu ba? Haba.

Bayan na huce na yi ta tunanin me ya faru, tunda mutum ɗaya ne, labari ɗaya ne. Abin da na gane shi ne a kan dandamali shi kaɗai ne direba da kwandasta da fasinja, yana jin numfashin zaure, in dariya ta taso ya jira ta, in ta kwanta ya ƙara mata wuta. Kamar 'yan kama ne a kasuwannin ƙauye a gida, mutum ya tsaya da zungureren carbi da tarin takardu yana wa'azin tuwo da miya, idonsa na kan jama'a, da ya ga wani ya washe baki sai ya nufe shi. Ka ɗauke ɗan kama ka sa shi a ɗaki gaban kyamara ba kowa, ka ce ya maimaita sau biyar, ai ka kashe rabin wasan. Sannan shirin talabijin yana son mutane da yawa kowa da halinsa, da labari mai kai da gindi na kusan rabin awa duk mako, alhali ɗan komedi zai iya shekara yana goge labarin minti goma. Kayan da ya tara ba za su kai zango guda ba, dole sai an nemo marubuta, su kuma in ba su san inda gishirin yake ba sai su ɗauko abin da ya fi sauƙi, wato maigadi Bahaushe.

Kuma ba wai ba a taɓa yin nasara ba ne. A Amurka Jerry Seinfeld ɗan barkwancin tsaye ne, shi da Larry David suka yi shirin da ya ɗauka daga 1989 zuwa 1998, kashi 180, a farkon shirin ma ana nuna shi yana tsaye da makirfo a kulob kafin a shiga labari, kuma ya bar abokan wasansa uku su ci kasuwarsu, sau da yawa su suka fi shi ba da dariya. A nan gida Basketmouth ya tara 'yan uwansa masu barkwanci a gida ɗaya a shirin My Flatmates bai ce komai sai shi ba. Mu kanmu mun taso da Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2023. Yana gauraya Hausa da Turanci irin na bariki muna dariya har da sojojin kansu, saboda shi tsohon soja ne, daga ciki ya ɗauko abin, bai tsaya daga nesa yana kwaikwayon mutanen da bai sani ba. Haka marigayi Ibro, in ya fito a ɗan ƙauye ba ka jin an zage ka.

Gaskiya dai kada in zalunce shi, daga kashi na huɗu abin ya fara gyaruwa. Akwai matar da ta fito a mai gidan haya, wannan baiwar Allah ta iya, ko magana ba ta yi ba in ta tsaya a bakin ƙofa da littafin kuɗin haya sai ka yi dariya. Akwai wajen da ta zo karɓar kuɗin ruwa shi kuma ya ɓuya a bayan labule ƙafafunsa a waje, ta zauna ta ci abincinsa tas tana hira da labulen, shi ba halin ya fito. Nan na ga shirun nan nasa na dandamali ya dawo, da ƙafa kawai ya yi wasan, uwargida har da riƙe ciki. A ranar na ce to Alhamdulillahi, sun gano hanya, har na fara cewa zan ba shirin uku cikin biyar.

Sai kashi na biyar suka dawo da malam ɗin nan, yanzu an ba shi aikin gadin gidan, zai riƙa fitowa ke nan kullum. Yana barci a bakin get ɓarawo ya tsallake shi, ya farka yana zare wuƙa yana ihu, dariyar injin nan ta sake tashi. Na kashe talabijin ɗin. Sai da yara suka yi barci na dawo na ƙarasa shi ni kaɗai, na shida ma da ya fito ni kaɗai na kalla, ga talla kuma da ake yankowa ana tsakiyar magana, lemo, taliya, kamfanin caca, kafin a dawo ka manta me ake cewa. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin nan ya san gaskiya, da bakinsa ya ba da labarin malam mai amana a gaban ɗaruruwan mutane, kuma sunansa ne a kan shirin, ya zauna ya ga an yi wannan ya ce a haska. A Agege kaɗai, ko Idi Araba ko Obalende, akwai samari Hausawa masu yin bidiyon barkwanci a waya da za su fito a rol ɗin nan su yi shi da kyau, su ma gaya wa marubutan cewa ba haka muke ba.

Biyu cikin biyar na ba shi, kuma biyun nan na mai gidan haya ne da labule. Kuɗin watana zai ƙare mako mai zuwa, ba zan sabunta saboda shirin ba. In ya sa wasan tsaye a Disamba in sha Allahu zan sayi tikiti in je, amma 'yata na riga na ce mata ba za ta ƙara kallon shirin ba, ita ma ba ta tambaya ba.