Mai gyaran makullin da ya hana a fasa mini gidan kin mota a Kalgo

Motata Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda dillalai ke kira EOD. Tun farkon hunturun bana makullinta ya fara yi mini gardama, sai na ɗan jijjiga shi kafin ya murɗa. Na yi ta cewa gobe zan kai a duba, goben ba ta zo ba sai ranar da na dawo daga Aliero da buhun albasa biyu a but, na tsaya sallar la'asar a Kalgo. Na fito masallaci na zura makulli, ya shige har ƙarshe, amma ko motsi.

Abin da kowane direba ya sani na fara yi. Idan an kashe mota taya na a karkace, sitiyari kan kulle ya danne gidan ki, wato inda ake zura makulli a tayar da mota, sai ka riƙa juya shi dama da hagu a hankali kana murɗa makullin. Na yi, sitiyarin ma bai ɗaure ba. Na duba giya tana kan P. Kafin in ankara mutane sun taru, kowa da fatawarsa. Wani ya kawo man birki a murfin gora, ni kuma da wautata na bari aka ɗiga. Wani yaron gareji ya zo da sukundireba da guduma, ya ce a fasa kawai a haɗa waya. Saura ƙiris in yarda, don magariba na matsowa.

Ƙanen matata ne ya turo mini lambar wani dattijo mai aikin makullan mota a Birnin Kebbi. Ga laifin dattijon na farko: ya ce mini yana kan hanya, bai iso ba sai bayan awa ɗaya da rabi, alhali Kalgo ba wani nisa gare ta ba. Har na fara cika ina batsewa.

Da ya sauka daga kabu-kabu bai taɓa motar ba, makullin ya karɓa ya haska da fitilar waya. Ya ɗaga tarin makullan da ke rataye da shi, na gida, na shago, har da na kwaɗon rumbu, ya ce, "Alhaji, duk wannan kaya ka ɗora mishi? Ai ko jaki ne ya gaji." Sannan ya shinshina bakin gidan kin, ya tambayi wa ya zuba mai. Na yi shiru.

Bayaninsa ne ya fi burge ni. A cikin gidan ki akwai wasu 'yan siraran faranti na ƙarfe, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa. In makulli ya shiga, zanen jikinsa ne ke jera su daidai, sai gidan ya samu damar juyawa. Irin wannan Honda, in ji shi, farantanta ƙanana ne ƙwarai, in sun cinye sai ɗaya ya karkace ya tokare. Nauyin makullai na ƙara cin su, mai kuma yana kama ƙurar hunturu ya zama taɓo a ciki. Abin da ya dace da wurin shi ne garin bakin fensir ko feshin da ke bushewa.

Ya kwance robar wuyan sitiyari, ya sa 'yar kurfi ya warware kusoshi marasa kai da ke riƙe da gidan kin, ya zaro gidan ya baje shi a kan tsumma. Na ga faranti biyu da idona sun lanƙwashe. Ya ce wasu cire su kawai suke yi su mayar da sauran, mota ta tashi, amma an rage mata tsaro ke nan. Shi ya canza su da wasu daga gwangwanin da yake yawo da shi, ya wanke sauran da fetur.

Amfanin wannan aiki shi ne makullina na asali na ci gaba da riƙewa. Akwai ɗan ƙwayar na'ura a kansa da kwamfutar motar ta sani, wanda in babu shi injin ba zai tashi ba ko da makulli ya murɗa. Da an fasa, sai na sayi sabon gida, a saita sabon makulli da kwamfuta, in riƙa yawo da na ƙofa daban.

Ya nemi naira dubu 15, muka daidaita a 12 har da kuɗin mashin. Laifinsa na biyu, ya karya kunne ɗaya na robar sitiyarin bai faɗa mini ba, sai da safe na ji tana kaɗawa. Da na kira shi bai yi musu ba, ya ce in kawo ya ɗaure.

Wata uku ke nan makullin na juyawa sumul. Zan sake kiransa, amma zan ce masa ina sauri tun kafin in fara saurin. Makullan shago da na rumbu kuma sun koma aljihun riga.