Sharhina kan na'urar gwada danshin ciyawa bayan damina biyu

Jama'a salamu alaikum. Tun kwanaki ake tambayata game da ƙarfen nan da nake sokawa cikin damin ciyawa, wasu har tsokanata suke wai na koma malamin asibiti ina yiwa ingirici allura, to yau na samu sarari bari in faɗi abinda na gani da idona. Sanda ce ta ƙarfe tsawonta kamar kamu ɗaya da ɗan ɗori, da ɗan allo a samanta irin na kalkuleta, batirinta mai kusurwa huɗun nan ne na 9V. Ƙirar Chana ce, ɗan yayata ne ya yo min odarta ta intanet, kuma kuɗinta a lokacin ya kusa na matsakaicin rago, shi yasa sai da nayi ta juya abun a raina kafin na tura.

Abinda ya kaini ga saya asara ce ba gayu ba. Ina da ɗan fili can bayan Rigachikun kusa da Kaduna, shanu bakwai da ƴan ragunan da nake turkewa saboda layya, kuma kun san yanzu babbar sallah tana faɗowa ne farkon damina, wato duk kiwon a bazara ake yinsa lokacin da harawa ke neman fin ƙarfin talaka. Sai nace bari in tanadi nawa. A damunar 2023 muka yanke gamba da kyasuwa wajen tsakiyar Satumba, aka samu rana kwana uku, na damƙa a hannu naji tana ƙaras ƙaras, nace a ɗaure a shigar ɗaki tunda hadari na haɗuwa. Muka jibge ta har kusa da kwano. Bayan kwana goma sai ga wayar Baffa, dattijon da ke duba min dabbobin, yace "Alhaji ka zo da kanka, ɗakin nan fa numfashi yake." Da na je na zura hannu tsakiyar tulin sai da na fizge shi, zafi kamar ka tsoma hannu a malmalar tuwon da aka kwashe yanzu. Muka barbaza, sama lafiya lau kore shar, amma ciki fumfuna ce fara fat tana tashi kamar toka, can ƙasa kuma ta yi baƙi ta manne da juna kamar tsohuwar tabarmar da ruwa ya ci. Fiye da rabi muka zubar, ni da Baffa muka kwana biyu muna tari. Watan Maris ina kasuwar Zango ina cinikin harawa kamar wanda bai taɓa riƙe lauje ba.

Daga baya na fahimci abinda ya faru. Ciyawa in aka tara ta da sauran ruwa a jikinta bata gama mutuwa ba, ita tana numfashi, ƙwayoyin fumfuna ma suna ci, kuma abinda suke ci shine ɗan sukarin da kake so dabbarka ta samu, zafin da kaji a hannu abincin ne ke ƙonewa. Ƙa'idar masu ilimin abun ita ce danshin ingirici ya sauko wajen kashi 15 zuwa 18 cikin 100 kafin a ɗaure. Ya haura 20 fumfuna ta samu gida, ya haura 25 kuma tulin na da girma to har gobara tana iya tashi da kanta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba, musamman in zafin ciki ya wuce digiri 70 a ma'aunin Selsiyos. Akwai ma wata yaudara, wadda ta ɗan dahu ta koma ruwan ƙasa tana ƙamshi kamar taba ko ƙonannen sukari, shanu suna cinta da marmari sai ka ɗauka ka ci riba, alhali zafin ya ɗaure sinadarin gina jikin da ke ciki hanji baya iya cire shi, cika tumbi ne kawai.

To a 2024 na fito da na'urata. Ranar farko ma rigima muka yi. An shanya gamba kwana uku, Baffa ya ɗebo ya murɗa ya shinshina yace ta yi, ni kuma na cusa a bokiti na taka da ƙafa na soka ƙarfen, ya nuna 26. Baffa ya kalle ni ya kalli allon yace "Alhaji wannan ƙarfen naka bai taɓa kiwo ba." Nima gaskiya na so in yarda da shi don mutumin da ya haura shekara sittin cikin shanu ba abun rainawa bane. Sai na zaro kara ɗaya mai kauri na tsaga gaɓarsa da farce, sai gashi ciki ɗanye sharaf har da laima a yatsana. Nan abun yake, ganyen gamba yini ɗaya ya ishe shi ya bushe, shi ne ke maka ƙaras ƙaras a hannu, amma karan da gaɓoɓin suna riƙe da ruwa, in ka ɗaure ka tara sai ruwan ya fito ya bi ganyen duka. Muka ƙara kwana biyu ana juyawa da manjagara safe da rana, da yamma a tattara a rufe da tampol, ya sauko 16 muka ɗaure. Wannan ciyawar har watan Afrilu da aka kwance damin ƙarshe launinta bai gushe ba.

Wani abun da ta koya min shine raɓa. Ciyawa ɗaya, ka gwada da hantsi ta baka 22, ka dawo bayan azahar ta baka 16. Yanzu bama ɗauri sai tsakanin azahar da la'asar, kuma bama ajiyewa a kan siminti kai tsaye, katako muke jerawa a ƙasa mu bar rata tsakaninta da bango, don siminti ma yana tsatso laima.

Amma babban amfaninta a wajena shine ta bani ƙarfin halin yanka da wuri. Matsalarmu a nan Kaduna kowa ya santa, lokacin da ciyawa ke da daɗi da amfani, Agusta zuwa Satumba, lokacin ne marka bata barin rana ta fito, in kuma ka jira Nuwamba hunturu ya busar maka ita a tsaye kyauta to ta riga ta fitar da kai ta zama itace, sai dai jinka da zana. Wani ma'aikaci da na taɓa tambaya a cibiyar binciken dabbobi ta Shika can Zariya shi ya fara ce min in yanka kafin ta yi huda, ni kuma tsoron ruɓa ya hana ni. Yanzu ina faken ƴan kwanakin da ruwa ke ɗagawa ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, in yanka kaɗan kaɗan daidai abinda zamu iya juyawa, ƙarfen ya gaya min ranar ɗauri.

Yanzu aibinta, don tana da shi ba kaɗan ba. In ciyawa a warwatse take ƙarya zata maka, sai ta nuna ƙasa da gaskiya saboda iska ce ke taɓa bakin ƙarfen, dole ka danne ta sosai ko ka soka cikin damin da aka ɗaure tamau. Kuma dami ɗaya zai iya baka 14 a nan 21 a can, ni dai sai na soka wuri goma kuma lambar da ta fi girma nake ɗauka ba matsakaicin ba, tunda daga wuri ɗaya ruɓa ke farawa. Batir kuma in ka barshi a ciki sati biyu ya tafi ko baka kunna ba. Takardar bayanin Turanci ne da Chanisanci da ƙananun rubutu kamar tururuwa. Sandar ma ba wani ƙwari gareta ba, yaro ya taɓa dannata da ƙarfi cikin damin harawa ta ɗan lanƙwashe sai da muka miƙe ta a hankali.

Wanda yafi ɓata min rai shine maganar sailej, wato ɗanyar ciyawar da ake daddatsawa a danne a rufe ruf ta yi tsami. Mai sayarwar ya rubuta wai tana gwada komai, ashe iyakarta wajen 40 ne, shi kuwa sailej danshinsa tsakanin 60 da 70 ake so, kenan ko kusa bata zuwa, kana sokawa sai allon ya cika ya tsaya. Na sayo durom shuɗaye guda huɗu a kasuwar Panteka don in gwada da ciyawar Nafiya, doguwar ciyawar nan mai kaurin kara da ake shukawa don dabbobi, da nake da ita a bakin fadama, tunda na'ura ta ƙi aiki sai nayi da ka, muka yanka da safe bayan ruwan dare muka datsa muka dura nan take. Ranar da muka buɗe na farko wallahi har maƙwabta sai da suka leƙo, ɗoyi kamar man shanun da ya shekara ya lalace, tayi baƙi tana yauƙi, ruwa kwance a gindin durom. Ita Nafiya in tana ƙarama ruwanta ya kan haura kashi 80 ga ƙarancin sukari, to maimakon tsami mai kyau sai ƙwayoyin ruɓa su rinjaya. Ko akuya bata kalla ba.

A zagaye na biyu hannu ne ya cece ni ba ƙarfe ba. Muka barta ta sha rana daga safe zuwa la'asar ta yi yaushi, sannan aka datsa, ka damƙi cikin hannu ka matse da ƙarfi kamar rabin minti, in ruwa ya ɗigo tsakanin yatsu da saura, in ka buɗe ta tarwatse nan take ta bushe da yawa ba zata dannu ba iska zata maƙale a ciki, wadda ake so ita ce ta tsaya a dunƙule sannan ta saki a hankali ta bar maka ɗan sanyi a tafin hannu. Muka barbaɗa dusar masara tunda ban samu molasis ba, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura in an yi sukari, yara suka shiga suka tattake, aka rufe da leda da murfi. Bayan sati huɗu ƙamshin tsami kamar gasarar koko, shanu har ture juna suke. Saman da iska ta taɓa yayi fari kuwa kwashewa nake in zubar, bana ba tumaki ko kaɗan, don irin wannan na iya jawo musu ciwon nan da dabba ke karkata kai tana ta zagaye wuri ɗaya.

Don in san ko na'urar na faɗin gaskiya na taɓa auna giram 100 a ƙaramin sikeli na busar a maikurowef, na'urar ɗumama abinci, da kofin ruwa a gefe, ina fitarwa ina aunawa har nauyin ya daina sauka, ya tsaya 83, wato danshi 17, ita kuma ta ce 15. Bambancin bai dame ni ba, sai dai yanzu duk abinda ta nuna ina ƙara biyu a kai. Uwargida kam ta ce in na sake saka mata ciyawa a na'urar ɗumama abinci sai dai in nemi mai dafa min tuwo a ruga.

Wa ya kamata ya saya? In raguna biyu uku gare ka kana sayen harawa dami dami, bar kuɗinka ka tsaga kara da farce ya ishe ka. In kuma kana cika ɗaki da ingirici ko kana sayarwa, asarar shekara ɗaya ta fi kuɗinta, ko ku haɗa kuɗi ku huɗu ku sayi ɗaya tunda sati uku kacal ake buƙatarta a shekara. Tawa ma yanzu haka tana hannun maƙwabcina na gona, kuma jiya Baffa ya kira yace in karɓo ta kafin Asabar akwai harawar gyaɗa da zai ɗaure, wai ba don ya yarda da ita ba, don dai kar in ce bai gwada ba.