Kwamfutar tebur a Kaduna: sabuwa, tokumbo ko haɗi?

Sau uku kwamfutar shagona ta mutu cikin wata biyar. Ɗan shagon buga takardu da cike fom gare ni a Kawo, duk ranar da ta ƙi tashi kuwa, ranar cefane sai da bashi. Karon farko aka ce RAM ne, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake cikin yi, aka canza. Na biyu aka ce fawa fak ne, wato akwatin da ke rarraba mata wuta. A na uku na saka ta a Keke Napep har shagon da na saye ta. Mai shagon ya juya ta, ya shinshina bayanta, ya ce, "Malam, wuta ce ta ƙona bod ɗin, waranti kuma ba ya ɗaukar ɓarnar NEPA." Na ce, "Alhaji, a ina aka rubuta haka?" Bod shi ne babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kansa. Sai ya nuna mini rasit ɗin da ke hannuna. Babu komai a jiki sai sunana da kuɗin da na biya. Warantin wata shida da nake taƙama da shi, baki da baki muka yi.

Tun daga ranar, kafin in tambayi ƙarfin kwamfuta, sai na fara tambayar wa zai gyara ta in ta lalace, kuma a wane gari.

Sabuwa dal a kwali, ta HP ko Dell ko Lenovo, ita ce mai warantin kamfani, yawanci shekara 1. Amma kwali ba shaida ba ne. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka ɗauki lambar da ke jikin na'urar ka saka a shafin intanet na kamfanin, nan take zai nuna maka ranar da warantin zai ƙare. Wata ta daɗe a sito har rabin wa'adin ya tafi, wata kuma don kasuwar Dubai ko Amurka aka yi ta, sai an zo gyara a fara ja-in-ja. Sannan sau da yawa gyaran kamfani Abuja ko Legas ake turawa. Ka tambayi wanda zai biya kuɗin mota, da makonnin da za ka zauna hannu rabbana. Makaranta ko ofis mai kwamfutoci goma zai jure wannan jira. Mai guda ɗaya tal ba zai iya ba.

Tokumbo ita ce ta cika shaguna, daga Ahmadu Bello Way har cikin Kasuwar Sheikh Gumi. Mafi yawansu na ofisoshin Turai da Amurka ne da aka sallama: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. An ƙera su don aikin yini guda, kuma saboda yawansu, kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Warantin kamfani ya riga ya ƙare, abin da ya rage shi ne alkawarin mai shago, mako guda ko wata guda. A nan sai ka buɗe ido. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 da ta gaje ta kuma a ƙa'ida sai kwamfutar da furosesarta, wato injin lissafinta, na Intel ya kai zubi na 8. In ka ga lambar furosesar i5-6500, zubi na 6 ce, komai ƙyallinta; i5-8500 ita ce ta 8. Ka sa a kunna maka manhajar CrystalDiskInfo a gabanka, ka ga lafiyar ma'ajiyar bayanai da awoyin da ta yi tana aiki. Ƙananan nan masu siririn jiki suna da wani aibi: fawa fak ɗinsu na musamman ne, na gama-gari ba ya shiga, sai an nemo irinsa.

Ta haɗi, wadda injiniya ke harhaɗa maka, daɗinta duk abin da ya mutu a cire shi kaɗai a sa wani. Matsalarta, mai haɗawa yakan rage kuɗi a fawa fak, fawa fak ɗin kuwa in ya tashi mutuwa yakan tafi da bod. Ina zargin abin da ya ci tawa ke nan.

Ni dai yau tokumbo ta ofis nake ba mai ƙaramin jari shawara, zubi na 8 zuwa sama, mai SSD, wato ma'ajiya mai sauri, daga shagon da za ka iya takawa da ƙafarka. Rarar kuɗin ka sayi sitabilaiza da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Yadda wuta ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, da sauyi zuwa janareta, su ne hujjar farko da za a kore ka da ita. Lokacin hunturu kuma ƙura na toshe fanka har na'ura ta riƙa kashe kanta, sai dai kada ka yage sitikar mai shago don hurawa, ka kai masa ya buɗe da hannunsa.

A rasit a rubuta lambar na'urar, girman RAM da ma'ajiya, kwanakin waranti, abin da ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba, da abin da za a yi in cuta ɗaya ta dawo sau biyu: canji ko mayar da kuɗi. Duk ranar da ka kai gyara, ka karɓi takarda mai kwanan wata, ka ɗauki hoton cikinta in an buɗe. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, rubutun "ba a dawo da kaya" a bango bai soke ta ba, kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, na karɓar koke ta intanet. Abin da za su fara nema a wurinka rasit ne, da takardun gyaran.