GHC: yana tsare ni daga kuskure, amma ya taɓa sa shayina ya huce

Wata takwas ke nan ina aiki da GHC, manhajar da ke juya rubutun Haskell, wani yaren rubuta shirin kwamfuta, ya koma yaren inji. Tsarin nau'insa ne ya jawo ni: ka haɗa lamba da kalma inda bai dace ba, tun kafin shirin ya tashi zai taka maka burki. A nan ba ni da ta cewa.

Ranar da muka sami saɓani, wani ɗan aiki na rubuta mai tara ma'aunin ruwan sama. Don burga, sai na sa masa Num a, wato ya karɓi kowace irin lamba, na kuma ajiye shi a fayil daban. Na kunna -O2, zaɓin da ke sa GHC ya ƙara wa shiri sauri, na sake shi a kan bayanai masu yawa, na zauna jira har shayina ya huce. Da na leƙa Core, wato rubutun tsaka-tsaki da GHC ke fitarwa kafin yaren inji, wanda zaɓin -ddump-simpl ke nunawa, sai ga dalili ƙuru-ƙuru. Tunda aikin yana fayil daban kuma GHC bai san wace lamba za a kawo ba, kowace Double, wato lamba mai ɗigo, tana cikin akwatinta a ma'adana, kuma duk tarawa ɗaya sai an buɗe wani ƙamus da ake miƙa wa aikin a ɓoye, a nemo wace + ake nufi. Tsirarar lamba, Double#, wadda ke zama a rajista kai tsaye, ba ta shiga gurbin harafin a na Num a ɗin nan ko kusa. Doka ta hana, don gurbin na 'yan akwati ne kaɗai.

Layi ɗaya ya raba gardama. Na rubuta INLINABLE, umarnin da ke ba GHC damar ganin cikin aiki daga wani fayil, a kan aikin, GHC ya ɗinka masa kwafi na Double zalla, ƙamus ya ɓace, akwatunan cikin madauki, wato sashen da ke ta maimaita tarawar, suka bi shi. Laifina ne, na yarda, sai dai da zai riƙa yin gargaɗi da kansa da na fi jin daɗi.

Akwai inda dabarar ba ta ci. Haskell ya yarda aiki ya kira kansa da sabon nau'i a kowane zagaye, to kwafi nawa za a ɗinka? MLton, takwaran GHC na yaren Standard ML, yana iya kwafe komai ne saboda yarensa ya hana wannan, kuma shirin gaba ɗaya yake haɗiyewa lokaci guda.

Ban bar GHC ba. Amma yanzu duk madauki mai nauyi Double nake rubuta masa ɓaro-ɓaro, sannan in leƙa Core kafin in ɗora ruwan shayi.