Mai gyaran kyamara a Adum wanda ya nemi ganin hotuna kafin ya ɗauki sukundireba

Shekara shida ke nan ina ɗaukar hotunan aure da suna a Aboabo da Asawase da sauran unguwannin zango na Kumasi, kuma mafi yawan aikina a cikin gida nake yinsa, wurin mata, inda maza masu wannan sana'a ba sa samun shiga yadda suke so. Kyamarata Nikon D7100 ce, samfurin da ya fito a 2013, na saye ta ta hannu tare da gilashi, wato lens, mai milimita 50 wanda ƙofar haskensa ke buɗewa har f/1.8. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bayan ranar da jakar ta suɓuce mini ta bugi ƙasa ina saukowa daga motar haya ta trotro a Kejetia. Daga nan hotuna suka fara fitowa dishi-dishi, a kan ƙaramin allon kyamara ka ce lafiya lau suke, amma da an buɗe su a kwamfuta sai ka ga kamar an shafa wa fuskar mutum man kaɗe. Abin ya kai ni maƙura ne a wani wankan amarya, da uwar amarya ta riƙe hoton 'yarta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce mini a hankali, "'Yata, ai zanen labulen nan ya fi idon yarinyar fitowa." Gaskiya ta faɗa, kuma na kwana da maganar a raina.

Wata abokiyar sana'a ce ta kwatanta mini shagon da nake son yin bayani a kansa, wani ɗan ƙaramin ɗaki a saman bene a Adum, wanda ba zan kama sunansa ba tunda mai shi bai nemi in yi masa talla ba, amma masu ɗaukar hoto na zango sun san hanyarsa. Dattijo ne Bahaushe, yaransa suna kiransa Masta, ni kuwa Baba na kira shi. Na je da niyyar in bar kyamarar a buɗe ta, har na riga na sa a raina cewa sabon gilashi zan saya. Da na miƙa masa jakar bai ko zuge ta ba, sai ya ce, "Hajiya, ina hotunan da suka ɓaci? Su za mu fara tambaya." Wannan ne dalilin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan sharhi, domin a shagunan da na sani, da zarar ka ce hoto ba ya fita tar, abu na farko da za a yi shi ne a kwance maka kaya.

Ya sa katin a kwamfutarsa, ya riƙa buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya yana faɗaɗa su har girmansu na ainihi, kuma cikin kusan rabin sa'a ya kasa su kashi uku. A kashin farko babu wani abu ko ɗaya da ya fito sarai, daga fuska har bango, kuma gefen kowane abu ya zama biyu-biyu. Ya ce wannan rawar hannu ce, ya kuma nuna mini shaida a cikin bayanan da kyamara ke ajiyewa tare da kowane hoto, inda aka ga na ɗauke su a 1/30 na daƙiƙa. Ƙa'idar da masu sana'a suka gada ita ce kada saurin marufin da ke buɗewa ya rufe don shigar da haske ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi, kuma da yake sansar wannan kyamara, wato ɗan farantin ciki da ke karɓar hoto, ƙarama ce, ana ninka tsawon sau 1.5, wato gilashi mai milimita 50 yana aiki kamar mai 75, saboda haka bai kamata in sauka ƙasa da 1/80 ba. Ya ƙara da cewa gilashina ba shi da na'urar da ke rage rawa, sannan sansa mai megafiksel 24 ba ta ɓoye wa kowa kuskurensa. Kashi na biyu kuwa bango ya fito tas amma hannuwan mata masu rawa da gefen mayafansu sun watse, wanda ke nuna mutanen ne suka motsa, kuma maganinsa 1/250 ko fiye, ko da hakan zai sa a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sansa, zuwa 1600 ko 3200. Na ce masa ina tsoron ɗigo-ɗigon da ke cika hoto idan an ɗaga ISO, ya ce ɗigon ana iya rage shi a kwamfuta, amma fuskar da ta watse babu mai haɗa ta.

Dole in faɗi cewa waɗannan kashi biyu, waɗanda su ne suka fi yawa, laifina ne, kuma faɗuwar jaka ba ta da hannu a cikinsu. Ɗakunan gidajen zango ba su da wadataccen haske, sau da yawa taga ɗaya ce da ƙwai ɗaya a sama, ni kuma na saba barin kyamara ta zaɓa mini sauri da kanta.

A kashi na uku ne aikinsa ya fi burge ni, kuma a nan hoton amaryar yake. Akwai wurin da ya fito tar a kowane hoto, sai dai ba wurin da na saita ba ne, kullum yana ɗan bayansa: kunne maimakon ido, labule maimakon fuska. Ya jera batura biyar a kan tebur a karkace, kowane yana ɗan bayan na kusa da shi, ya ɗora kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, ya sa ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu don kada hannu ya taɓa ta, ya saita a kan baturin tsakiya. Da ya leƙa ta 'yar tagar kyamara ya ɗauka, rubutun baturi na huɗu da ke bayansa ne ya fito. Da ya kunna allon baya ya sake ɗauka, sai na tsakiyar ya fito fes. Ya bayyana mini cewa irin wannan kyamara mai madubi hanya biyu take bi wajen saiti. Idan ana leƙawa ta taga, wata 'yar na'ura ce dabam a ƙarƙashin madubi take auna nisa, idan kuwa da allon baya ake aiki, sansar da ke ɗaukar hoton ce da kanta take dubawa. Tunda ta hanya ta biyu hoto ya fito daidai, gilashin lafiyarsa ƙalau, abin da ya goce shi ne daidaiton da ke tsakanin na'urar awon da sansa, kuma bugu irin wanda jakata ta sha yana iya jawo hakan. A f/1.8, wato ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, idan mutum yana nisan mita 2, faɗin wurin da ke fitowa sarai bai wuce santimita 12 ba, don haka 'yar gocewa kaɗan ta isa ta kai saiti daga ido zuwa bayan kai.

Gyaran bai buƙaci a kwance komai ba. A cikin jerin umarnin kyamarar akwai wurin daidaita saiti daga -20 zuwa +20, inda lambobin ragi ke jawo saitin kusa da kyamara, na ƙari kuma su tura shi nesa. Ya yi ta gwadawa yana ɗauka sau uku-uku a kowane mataki har ya tsaya a -9. Bayan haka ya manna shafin jarida a bango ya ɗauka, don ya ga ko wani gefe ya fi wani laushi, wanda da alama ce ta cewa ɗaya daga cikin gilasan ciki ya karkace, amma kusurwoyi huɗun suka fito daidai wa daida. Ya haska tocila ta cikin gilashin yana neman fumfuna, wadda damshin damina a Kumasi ke haifarwa idan an bar kaya a rufe cikin jaka, bai samu ba, sai dai ya ce in riƙa ajiyewa cikin akwati mai marfi tare da ƙullin silika. Filta mai arha da na ɗaura a gaba don kare ƙurar hunturu kuwa cire ta ya yi, ya nuna mini hoto biyu, da ita da babu ita, kuma a gaban taga bambancin bai ɓuya ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma adalci ne in ambace su. Na bar kyamarar don a goge sansa bisa alkawarin kwana biyu, sai da na yi kwana biyar ina sintiri, wayarsa kuma ba kasafai ake ɗagawa ba, abin da zai iya jawo wa mai biki a gaba asara. Ba ya ba da rasit sai ka nema, alhali kayan da ake bar masa masu tsada ne, don haka ina ba da shawara mutum ya ɗauki hoton lambar jikin kyamararsa kafin ya miƙa. Shagon ma ƙunci gare shi, ƙofarsa a buɗe take ga ƙurar titi, na kuma so a ce yana da keɓantaccen wuri na buɗe kyamara. Ta fuskar kuɗi kuwa ban ga abin ƙorafi ba, domin abin da na tura masa ta MoMo, wato kuɗin waya, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na tanada don sabon gilashi ba, kuma awa biyun da ya yi yana koya mini bai sa su a lissafi ba.

Wanda zai je ya tafi da katinsa ɗauke da hotunan asali, kada ya kai waɗanda suka bi ta WhatsApp, domin an matse su kuma bayanan saurin marufi da ISO sun goge, Baba kuwa da waɗannan bayanan yake aiki. A sunan da na ɗauka a Asawase mako biyu bayan haka na tsaya a f/2.8 da 1/250, na zaɓi ɗigon saiti ɗaya na ɗora a idon mai jego, kuma da na faɗaɗa hoton a gida ana iya ƙirga gashin idonta har da layin kwallin da ke ƙarƙashinsa.